Ƙarar "zuuu" ta hana ni sakat a mita 80 da mita 40, ina mafita?

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu gogewa ku taimaka min. Ina Zariya, ina harkar rediyon magana ta masu sha'awa (amateur radio) a zangon mita 80 da mita 40, eriyata dayipol ce, wato mai hannu biyu, ta mita 40 da na haɗa da kaina, waya mita goma goma kowane ɓangare, gefe ɗaya a jikin darbejiya ɗayan a ƙarfen tankin ruwa, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita bakwai ba, da tuna (na'urar daidaita eriya da rediyo) nake lallaɓa ta ta hau mita 80. To matsalar ita ce da an yi magariba sai wata ƙara ta taso zuuu ba tsayawa, allurar auna ƙarfin sigina ta kai S9, wlh tashar da nake ji tar a da wajen 7.1 MHz a mita 40 yanzu sai dai in ji alamar mutum na magana, a 3.6 MHz na mita 80 kuwa ba a cewa komai. Sannan SWR ɗina (ma'aunin dacewar eriya da rediyo, ƙarami ya fi kyau) da yake 1.3 tun da damina ta yi nisa ya haura 2.8. Shin abu ɗaya ne ke jawo su duka ko kuwa?

Kawu_Lantarki:
Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka haɗa su, ciwo biyu ne. Fara da ƙarar. Ta tsawa daban take, fashe-fashe ne karas karas ta zo ta wuce, kuma wannan ba ka da maganinta, da dare mita 80 tana kwaso hadarin da ake yi can nesa tunda abin da ke shanye siginar da rana a sararin sama ya janye. Amma wadda ka ce zuuu ba yankewa, kuma tana da lokacin tashi kamar mai zuwa aiki, wannan na'ura ce. Abin da za ka yi yau ɗin nan, ɗora rediyon a batirin mota, ka je ka kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya har da inbata in kana da ita. In ƙarar ta faɗi to ɓarawon na cikin gida, sai ka riƙa kunna abu ɗaya ɗaya har ka kama shi. In ba ta faɗi ba ɗauki ƙaramar rediyo mai AM ka murɗa inda babu tasha ka zaga unguwa da ita, inda ta fi kuka nan ne.

DanMaradi5U:
Gaskiya Kawu ya faɗa. Ni nan Maradi wata uku ina zargin tiransifomar layinmu ashe ƙwan LED ne guda biyu masu araha a zaurena da wata cajar waya, na canza su shiru kake ji. In inbatar maƙwabci ce fa ka bi a hankali, kar ka je masa da maganar laifi, shi bai ma san tana yi ba. Kira shi ya ji da kunnensa, ka sayi zoben ferrite mai tace irin wannan ƙarar da kuɗinka, mai lamba 31 ya fi aiki a mita 80 da 40 ɗin nan, a naɗa wayoyin inbatar a jiki. Kai ma ka naɗa kebul ɗinka sau goma sha biyu a babban zobe dab da inda ya haɗu da eriya, don sau tari bayan kebul ɗin ne ke kwaso dattin gida ya kai maka.

Injiniya_Bala:
Maganar SWR ni na fi zargin ruwa. Sauke eriyar ka kwance PL-259 ɗin, wato kan da ake ɗaure kebul da shi, ka feɗe kebul kaɗan, in ka ga saƙar tagullar ta yi baƙi ko kore to ruwa ya shiga, yi ta yankewa har ka iske mai sheƙi, in siririn kebul ɗin nan RG-58 ne ya sha ruwa da nisa kawai ka sake sabo kar ka wahalar da kanka. Wajen rufe mahaɗar kebul kuwa, salatif ɗin lantarki shi kaɗai rana tana ɗaye shi, nemi mai kama jikinsa ka fara naɗawa. Duba darbejiyar ma, reshe ya tofo ya taɓa waya da jiƙaƙƙen ganye lissafi ya canza. Kuma dan Allah da ka ga hadari ya haɗo cire kebul daga rediyo ka fitar da shi waje, kashe rediyon bai isa ba. Hunturu ma haka, iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ka ji tas tas a bakin kebul.

Abban_Sadiya:
Allah ya saka da alheri Kawu da sauran 'yan uwa. Na kashe gidan jiya, daga S9 ta dawo S5, ashe inbatata ce da kanta, dama da magariba ake ɗauke mana wuta ta karɓa. Kebul kuma na yanke kusan mita biyu kafin na ga tagulla mai kyau, SWR ya dawo 1.5. Saura S5 ɗin nan, ƙaramar rediyon ta fi kuka a gindin wani falwaya bayan masallacinmu. Malam DanMaradi zoben nan a ina kuke samu, Sabon Gari na Kano zan duba ko sai an yo oda?