Za a ɗebo ƙashin ƙafar Baba a gyara masa muƙamuƙi, mu yarda?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Mahaifinmu ne, ya haura shekara 60, aka gano yana da kansar dasashi, har ta ci ƙashin muƙamuƙin ƙasa. Likitoci sun ce za su yanke inda ta ci, su ɗebo ƙashi da fata daga ƙwaurinsa su cike gurbin. Baba ya kafe, wai da baki zai ji ko da ƙafa, shi ba za a mayar da shi gurgu ba. Yayanmu kuma yana ganin a cire ciwon kawai a ɗinke, a bar maganar dashe. Wanda ya san abin ya taimaka mana.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar masa da hankali, ƙasusuwa biyu ne a ƙwauri. Babban, na gaba, shi ke ɗauke da kusan duk nauyin jiki, kuma ba a taɓa shi. Siririn na gefe ake ɗiba, shi ma ana barin wajen santimita 6 sama da ƙasa don gwiwa da idon sawu su tsaya daram. Tun 1989 ake gyara muƙamuƙi da shi. Ana ciro shi tare da jijiyoyinsa na jini, a ɗinke su da na wuya ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, da zare da bai kai gashin kai kauri ba. Shi ya sa aikin kan cinye yini guda. Kwana ukun farko ne abin ji: kusan kowace awa muna duba launin fatar da ɗuminta, don in jini ya toshe sai an koma tiyata nan take.

Wani dattijo: Maganar yayanki ce ta tsaya mini. In aka cire gaban muƙamuƙi ba a cike ba, haɓa ta tafi, harshe ya koma baya, yawu ya yi ta zuba, ko kunu da ƙyar. Ku zaunar da shi gaban likitan ya ji da kunnensa.

Wata 'yar uwa: Mijina an yi masa, amma da naman ƙirji, don sun ce jijiyoyin ƙafarsa sun ƙuntace saboda suga da taba. Wannan ba a raba shi da jijiyarsa, juyo shi ake yi ta wuya, a riƙe muƙamuƙin da ƙarfe. Ki shirya ganin roba a hanci ta abinci da wata a maƙogwaro ta numfashi. Ni da na fara gani sai da na fita na yi kuka, ashe na ɗan lokaci ne.

Ma'aikaciyar jinyar: Haka ne Hajiya, don haka ake gwada jijiyoyin ƙafa tukuna. Ku tambaye su sau nawa suke irin aikin nan, da abin da za su yi in dashen bai kama ba. In za a yi masa gashi bayan tiyata, wato ƙona ragowar kansar da hasken na'ura, an fi so a fara cikin mako 6, to ku nemi layi tun yanzu. In yana shan taba ko shaƙar ta gari, ya ajiye yau.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Taba kam sai mun yi da gaske. Anti, zuwa yaushe zai iya takawa masallaci?

Ma'aikaciyar jinyar: Yawanci kafin a sallame shi zai fara takawa da sanda. Masallaci kuwa ki ba shi 'yan makonni, kuma ya fara da sallah a zaune.