Idan mutane suka bar ƙauye, ta ina kuɗin ƙaramar hukuma ke raguwa?

Ɗan Nafada:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka san aikin baitulmalin ƙaramar hukuma ce. A ƙauyuka da yawa na Gombe da Bauchi, da an gama girbi sai samari su watse, wasu Gombe, wasu Abuja, wasu Legas da Fatakwal. A da cin rani ne, ana dawowa da ruwan farko. Yanzu da dama sun kwashe iyalansu, gidajen an garƙame da kwaɗo. Shin wannan yana rage abin da ke shiga asusun ƙaramar hukuma? In yana ragewa, kason da ke zuwa daga asusun tarayya a Abuja ne ke raguwa ko kuɗin kasuwa? Kuma ta yaya kansila ko mai sa ido zai gane tun abin bai yi nisa ba?

Tsohon Ma'aji:

Wa alaikumus salam. Malam, sai ka raba kuɗin gida biyu tukuna. Akwai kason wata-wata daga asusun tarayya, akwai kuma wanda ƙaramar hukuma ke tarawa da hannunta. Zan yi magana kan na farko.

Abin da ya shiga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Wannan 20.60 ɗin ana rarraba shi ne da ma'aunin RMAFC, hukumar da ke tsara rabon kuɗin tarayya: kashi 40 raba-daidai, 30 yawan jama'a, 10 faɗin ƙasa da yanayinta, 10 ƙoƙarin tara kuɗin shiga, 10 kuma harkar ilimi da lafiya da ruwa.

To duba. Kashi 40 na raba-daidai babu ruwansa da ko mutum nawa suka rage. Ƙasa kuma ba ta ƙaura. Faɗin ƙaramar hukumar Toro ta Bauchi yana nan ko da rabin mutanenta sun tafi. Saura kashi 30 na yawan jama'a, shi kuwa tushensa ƙidayar watan Maris na 2006 ne, wadda ta ba Bauchi mutum 4,653,066, Gombe 2,365,040. Duk abin da ya biyo baya hasashe ne, tunda ƙidayar da aka shirya a 2023 an ɗage ta. Wanda aka ƙirga a Nafada yana yaro, yau yana tuƙa Keke Napep a Abuja da mata da 'ya'ya uku, a takarda har gobe ɗan Nafada ne. Saboda haka kason Abuja bai ji tafiyarsa ba tukuna.

Ranar da aka sake ƙidaya za a ji, amma ba da yawan da ake tsoro ba. A matsayin misali kawai: ƙaramar hukuma mai matsakaicin girma, cikin kowace naira 100 da take samu, kusan 30 ce ta yawan jama'a. In rabonta a jimillar jama'a ya faɗi da kashi ɗaya cikin goma, asarar naira 3 ce cikin 100. A lura da kalmar rabo. Ba dole sai mutanenka sun ragu ba. In kai ka ƙaru kaɗan, maƙwabta suka ƙaru da yawa, rabonka ya faɗi. Wannan shi ne halin da ƙananan hukumomin karkara suke ciki, don haihuwa na cike gurbin masu tafiya a lissafi, sai dai jariri ba ya biyan kuɗin rumfa.

Abu biyu kuma suna rufe ido. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru sosai, sai a ga kamar komai lafiya, alhali farashin siminti da dizal ya cinye ƙarin. Sannan kuɗin ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu kafin ya iso sakatariya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Mai bincike ya nemi takardu biyu: abin da aka ware a Abuja, da abin da ya sauka a asusun ƙaramar hukuma.

Mai Rasit:

Baba Ma'aji ya yi bayanin rabi, Allah ya saka da alheri. Ciwon yana ɗaya rabin.

Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin shaguna da kes-kes, kuɗin kasuwa in ba jiha ce ta gina ta ba, kuɗin tasha, kuɗin kwata, harajin gidaje, harajin shanu, rajistar aure, lasin keke da amalanke da baro da kwalekwale, kuɗin allon talla, da takardar mallakar fili a karkara. A ƙauye mafi yawan waɗannan suna ne kawai. Abin da ke kawo kuɗi na gaske uku ne: kasuwar mako, kara, da tasha. Dukansu kuwa rana ɗaya suke ci.

Shi ya sa kuɗin ke faɗuwa fiye da yadda mutane suka ragu. Ɗan kasuwar da ke turo babbar mota daga Kano ko daga kudu yana zuwa ne don ya san zai cika ta kafin la'asar. In majiya ƙarfi sun tafi, gonar da ake nomawa ta ragu, buhunan wake da riɗi da ke shigowa suka kasa cika mota, sau biyu zai yi haƙuri. Na uku sai ya juya Kumo ko Soro ko Azare, inda kaya ke jibge. Da ya daina zuwa, dillalai su bi shi, masu lodi su bi dillalai, mai tuwo da mai shayi su rasa masu ci, sarkin pawa da ke yanka sa biyu ya koma awaki uku. Ka shiga irin wannan kasuwa da azahar, layin rumfunan 'yan koli rabi a buɗe, ɗaya rabin an ɗaure jakuna a ciki, mai yankan rasit yana zaune a inuwa da littafin da bai kai shafi goma ba. Mutane ƙila kashi ɗaya cikin goma suka tafi, amma cinikin ya tafi da fiye da haka nesa ba kusa ba.

Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa yana taimakon gidaje, amma ba ya bi ta hannun mai karɓar haraji. A wajen mai POS ake cire shi a sayi hatsi da magani. Wanda ya samu aikin albashi kuma, harajin da ake yanka a albashinsa na jihar da yake zaune ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar adadin da aka ɗora wa masu karɓa yadda yake, ko ma a ƙara. Sai su matsa wa waɗanda suka rage: kuɗin shiga, kuɗin ajiye buhu, kuɗin fita. Manomi ba wawa ba ne. Zai sayar a bakin gona ko a gefen titi, inda babu rasit, kasuwa ta ƙara mutuwa. Kuskure na biyu ba da kasuwa kwangila a kan kuɗi tsayayye na shekara. In ciniki ya faɗi ɗan kwangila zai tatsi 'yan kasuwa don ya fid da uwar kuɗinsa. Na uku ya fi muni, wato a fake da tafiyar mutane a rufe rasit na bogi.

Ga yadda ake rarrabe ƙaura da sata. A sa wanda ba ya cikin masu karɓa ya tsaya ƙofar kasuwa ya ƙirga abu huɗu: rumfunan da aka buɗe, motocin da suka yi lodi, dabbobin da suka shiga kara, da waɗanda aka yanka. A yi makonni huɗu a jere da kaka, a sake huɗu da bazara, don kwatanta Nuwamba da Afrilu yaudarar kai ne. A ninka kowane adadi da kuɗinsa, a gwada da gindin rasit masu lamba da takardar banki. In ƙirga ta faɗi kuɗi ma ya faɗi, mutane ne suka tafi. In ƙirga tana nan kuɗi ya faɗi, a binciki littafin rasit. A haɗa da jerin gidajen da aka rufe daga wajen masu unguwanni da dagatai, su ne suka san wanda ya tafi cin rani da wanda ya tafi ke nan.

Malamar Tsare-tsare:

Yayyena, kada a manta da ɓangaren kashewa. Makarantar da ɗalibanta suka koma rabi tana buƙatar rufi da hedimasta da malamai kamar da. Famfon burtsatse mai sola kuɗin gyaransa ɗaya ne ko gida 200 ke ɗiba ko 60, sai dai masu karo-karon sun ragu. Albashi kuma ya tashi tunda mafi ƙarancinsa ya koma naira 70,000 a 2024, masu fansho kuwa ba sa raguwa don samari sun tafi. Waɗanda aka bari a gida tsofaffi ne da mata da yara, su ne kuma suka fi zuwa asibiti.

Inda mutanen suka sauka ma ana jin jiki. Ƙaramar hukumar Gombe ƙasarta kaɗan ce, garin ya tumbatsa zuwa Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Unguwar Tumfure da ke bakin garin ma a Akko take. Ga baƙi daga ƙauyuka, ga waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa suka zauna, duk ana yi musu shara da makaranta da kason da aka gina kan ƙidayar 2006.

Akwai kuma VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya. Ƙananan hukumomi na da kashi 35 a ciki. A da ana raba shi 50 daidai, 30 yawan jama'a, 20 inda aka tara. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta mai da shi 50 daidai, 20 yawan jama'a, 30 inda aka yi amfani da kayan. Wannan ya ƙara nauyin wurin da ake saye da sayarwa, ya rage na tsohuwar ƙidaya.

Ɗalibin Tattalin Arziki:

Inda jama'a suka ragu da gaske an ga ƙarshen abin. Garin Yubari a Japan yana da mutum sama da 100,000 a 1960, lokacin haƙar kwal. An rufe mahaƙa ta ƙarshe a 1990, hukumar garin ta ci bashi tana gina wuraren yawon buɗe ido, a 2007 ta tsiyace. Aka ƙara haraji da kuɗin ruwa, aka haɗe makarantun firamare suka koma ɗaya, mutane suka ci gaba da tafiya. Yanzu ba su kai 7,000 ba. Detroit a Amurka daga miliyan 1.8 a 1950 ta koma kusan 700,000 a 2010, a Yulin 2013 ta kai kanta kotu cewa ta tsiyace, da bashin kusan dala biliyan 18. Su harajin gidaje da na albashin mazauna na cikin abubuwan da ke riƙe su, shi ya sa bugun ya zo kai tsaye. Mu kason Abuja ya tare mana, amma ƙara wa waɗanda suka rage haraji da cin bashin manyan gine-gine illarsu ɗaya ce ko'ina.

Ɗan Nafada:

Na gode ƙwarai. To Baba Ma'aji, in kai ne za ka shawarci majalisar ƙaramar hukuma, da me za a fara?

Tsohon Ma'aji:

Da kasafin kuɗi, ɗana. A gina hasashen kuɗin shiga kan abin da aka tara a zahiri shekaru uku da suka wuce, a daina kwafo na bara ana ƙara masa. A haɗe ƙananan kuɗaɗen kasuwa su zama tikiti ɗaya, a rubuta farashin a allo a ƙofa, a kai kuɗin banki washegari. Abin da aka samu a fara kashe shi a kasuwar kanta: ruwa a kara, wurin lodi, da kwalbatin da ke yanke hanya da damina, don motar nan ta ci gaba da zuwa. Kada a gina sababbin rumfuna alhali tsofaffin babu kowa. Makarantu biyu da ke kusa in ɗalibai sun yi ƙaranci, a zauna da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da iyaye a duba nisan tafiyar yara kafin a haɗe su, musamman 'yan mata. A kuma gyara rajistar ɗalibai da ta haihuwa da ta asibiti tun yanzu, domin kashi 10 na ilimi da lafiya da ruwa da wasu daga cikin irin waɗannan alƙaluman ake auna shi, kuma su ne hujjar da za a riƙe a hannu ranar da masu ƙidaya suka dawo.