Muhawara: Shin guguwar pank ce ta kashe ƙungiyar U.K.?

Malam Bashir: Jama'a, ra'ayina shi ne ƙungiyar makaɗa ta U.K., wadda aka kafa a Ingila a 1977 kuma ta watse a 1980 bayan faifai biyu kacal na situdiyo, zamani ne ya ci ta. Ta zo da kiɗan rok mai sarƙaƙiya, mai dogayen waƙoƙi da sauye-sauyen bugu, a daidai lokacin da matasan Landan suka koma wa pank, kiɗan da ba ya buƙatar ƙwarewa sai zafin rai da gajerun waƙoƙi. A watan Oktoban shekarar da aka kafa ta ne Sex Pistols, fitattun makaɗan pank, suka fitar da faifansu, jaridun kiɗa kuma suka juya wa tsofaffin gwanaye baya.

Hajiya Rabi: Malam Bashir, ban yarda ba, domin ɓarakar tana cikin gida tun ranar farko. John Wetton mai jitar bas da waƙa da Bill Bruford mai ganga sun yi aiki tare a ƙungiyar King Crimson har ta watse a 1974, kuma da suka tashi kafa sabuwar ƙungiya sai kowannensu ya kawo mutum ɗaya. Wetton ya kawo Eddie Jobson, mai kiɗan madannai da gogen lantarki, wanda ya yi aiki da ƙungiyar Roxy Music da makaɗin Amurka Frank Zappa. Bruford kuma ya kawo Allan Holdsworth, mai jita da ya fito daga ƙungiyar Soft Machine. Tun nan aka sami ɓangare biyu. Wetton da Jobson suna son kiɗan da aka tsara, a maimaita shi yadda yake a faifai, su kuwa Bruford da Holdsworth hankalinsu yana kan jaz, inda makaɗi ke ƙirƙira nan take a kan dandali. Holdsworth ya ƙi ya riƙa kaɗa abu ɗaya kowane dare, kuma wannan ne ya kai ga fitarsa shi da Bruford a 1978, shekarar da faifan farko ya fito. Ina hannun pank a nan?

Malam Idris: Ina goyon bayan Hajiya, kuma ga ƙarin hujja. A 1977 faifan ƙungiyar Yes, mai irin kiɗan U.K., mai suna Going for the One ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Birtaniya, Pink Floyd kuma suna cika filayen wasa a Turai da Amurka. Masu sauraron irin wannan kiɗa ba su ɓace ba.

Malam Bashir: Malam Idris, waɗanda ka ambata sun riga sun tara masoya tun farkon shekarun 1970, saboda haka iskar ba ta kada su ba. Sabuwar ƙungiya ce ke buƙatar rediyo da jarida su tallata ta. Ku dubi abin da Wetton ya yi daga baya: ya shiga kafa ƙungiyar Asia, aka gajarta waƙoƙi, aka sauƙaƙa su, faifansu na 1982 ya hau kan gaba a Amurka. Ya karanci kasuwa, ya ga ta sauya.

Hajiya Rabi: Na yarda cewa kasuwa ta matsa wa Wetton, amma matsin daga rediyon Amurka ya zo, mai son waƙar minti huɗu mai amshi, ba daga masu pank na Landan ba. Bayan fitar mutum biyun, an ɗauko Terry Bozzio, Ba'amurke mai ganga daga wajen Zappa, aka ci gaba su uku babu mai jita, suka fitar da Danger Money a 1979, suka je Japan inda aka naɗi faifan wasansu na Night After Night. Ƙungiyar da ke samun irin wannan karɓuwa ba rashin jama'a ne ya rushe ta ba. Saɓani na biyu ne ya ƙarasa ta, tsakanin Wetton mai son gajerun waƙoƙi da Jobson mai son dogayen tsare-tsare.

Aminu: Iyayena, ku ba ni dama in ce wani abu game da kiɗan kansa, wanda nake ganin muhawarar ta tsallake. Saɓanin da Hajiya ta bayyana shi ne ya sa faifan farko ya fi na biyu armashi a kunnena. A waƙar da ta buɗe shi, In the Dead of Night, ana bugu bakwai-bakwai, madannan Jobson suna tsaye daram, sai jitar Holdsworth ta shigo tana malala kamar ba tsirkiya ake taɓawa ba. Da suka rabu, Bruford ya tafi da wasu kaɗe-kaɗen da U.K. ta riga ta fara yi a dandali, ya sa su a faifansa One of a Kind na 1979, tare da Holdsworth. Duk mai son sanin yadda faifai na biyu zai kasance da mutum huɗun sun zauna tare, sai ya saurari wannan da Danger Money a jere.

Malam Bashir: Zan saurare su, Aminu, amma har yanzu ina ganin da a 1972 aka kafa ta, da kamfanin faifai ya ba su lokacin sasantawa.