Rigimar "intanet ɗin talaka" a zauren Hausawan Legas

Mai Gyaran Waya, Ikeja: Salam jama'a. Wallahi na gaji. Jiya da safe na sa data a Computer Village, kafin in sauka Agege da magariba rabi ta tafi, kuma ba bidiyo na kalla ba, rubutun mutane kawai nake bi amma talla da bidiyo masu buɗe kansu suka lashe ta. Tunda aka ƙara kuɗin data kashi 50 a farkon 2025 abin ya fi ƙarfinmu. Ni dai a ganina a haɗa Mastodon, wato dandalin sada zumunta irin Twitter, da Gemini, wani tsarin buɗe shafukan intanet daban da wanda muka saba. Mastodon ba shi da ubangida ɗaya, kowa na iya kafa tasa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe dandalin, kuma duk suna gaisawa ta wata ƙa'idar sadarwa mai suna ActivityPub, shi kuma Gemini rubutu ne zalla babu talla babu JavaScript, lambobin kwamfuta da ke ƙara wa shafuka nauyi. Akwai manhajar tootik da ke haɗa su, ka buɗe Lagrange, manhajar karanta shafukan Gemini, a waya ka bi mutanen Mastodon har ka ba su amsa. Wannan shi ne intanet ɗin talaka.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12: Kai yaro wa kake kira talaka a nan? Mu da muke sauke tirela kullum?

Ɗan Idi-Araba: Gemini ba na Google ba ne? Shi ma ai data yake ci

Mai Gyaran Waya: A'a ƙanena, suna ne ya zo ɗaya. Wannan tun 2019 yake, wani mai laƙabin Solderpunk ya fara shi, ɗan uwan Gopher ne, wani tsohon tsarin intanet na rubutu da aka yi a jami'ar Minnesota a 1991. Alhaji Allah ya huci zuciyarka, ba kai nake nufi ba.

Hajiya Maman Yara, Agege: To Alhaji yaushe talaka ya zama zagi? Malam Aminu Kano da sunan talakawa ya yi gwagwarmayarsa tun zamanin NEPU kuma babu wanda ya ji kunya, mahaifina har ya rasu da wannan sunan yake tinƙaho.

Alhaji Mai Tumatir: Hajiya wancan talakan sarauta ne, wanda ba basarake ba. Wannan yaron matsiyaci yake nufi.

Ɗan Obalende: Ku 'yan Agege an haife ku a Ikko me kuka sani game da NEPU

Hajiya Maman Yara: Kakanninmu na Agege tun ana fataucin goro, kai bara waccan ka zo da jakarka guda, ka iya bakinka.

Malamin Islamiyya, Alaba Rago: Ni tambaya ɗaya gare ni. Yaran da ke ɗaukar kaya a nan da yawansu ba su karanta boko, saƙon murya suke turawa gida Sakkwato da Zamfara, su ji muryar uwa hankalinsu ya kwanta. Rubutu zalla me zai yi musu? In har talaka ake nufi da gaske to an bar shi a baya.

Mai Gyaran Waya: Malam maganarka gaskiya ce, amma ku tuna da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da muna da sabarmu...

Ɗan Obalende: Hajiya ki janye maganar jaka. Shekara tara nake garin nan

Alhaji Mai Tumatir: A fara janye talaka tukuna.

Shugaban zaure, Agege: Ya isa haka don Allah. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda kalmar talaka ba aibu ba ce kamar yadda Hajiya ta kawo hujja, kuma Hausawan Agege ba baƙi ba ne da wani zai zo ya koya musu tarihin gida. Ɗan Obalende ya ba Hajiya haƙuri kafin isha'i. Batun Gemini kuma na 'yan kwamfuta ne, mai so ya samu Mai Gyaran Waya a shagonsa. Na rufe zauren sai da safe.