Manhajar biyan wata-wata ta ishe ni, ga kuma tayin laftof na biya kaɗan-kaɗan, me kuka gani?

Mai_Zanen_Kati:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Ina da ɗan shago a Kano inda nake zanen katin biki, kalanda, fosta da irinsu. Manhajar da nake aiki da ita ba sayarwa suke ba, duk wata sai sun ciri wajen dala 20 a katin bankina. Farkon 2023 da na fara abin yana kama mini dubu 15, na ce ai kati biyu na zana na fanshe, yanzu kuwa dubu 30 ne ko a yi ciniki ko kar a yi, watan azumi da babu biki ma haka suka cira.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar Alhamis ɗin nan, wata hajiya ta dawo da katin bikin 'yarta an yi kuskure a sunan mahaifin ango, harafi ɗaya tak zan gyara a sake bugawa, na buɗe laftof sai kawai ga saƙo wai in sabunta biya, ashe katin bankin nawa babu kuɗi. Aikin nawa ne, ni na zana shi da hannuna, yana cikin kwamfutata, amma ba damar taɓawa. Hajiya na zaune a kan benci tana kallona tana kaɗa makullin mota, sai maƙocina mai POS na ranta a wajensa.

To yanzu laftof ɗin ma ta tsufa, batir ya mutu, fanka na ƙara kamar injin markaɗe. An yi mini tayin sabuwa in ba da kafin alƙalami sauran in riƙa biya wata shida. In karɓa ko in haƙura? Kuma manhajar nan akwai mafita ko haka zan yi ta biya har tsufa?

Tsohon_Maɗaba'a:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi dariya da zancen hajiya da makulli, don duk wanda ya yi sana'ar nan ya san wannan zaman. Gaskiyar magana kai ɗan haya ne, kuma mai gidan yana iya canza kwaɗo duk ranar da ya ga dama. Mu da muka fara tun zamanin faifan CD, manhaja saye ake yi sau ɗaya, ka yi shekara biyar kana aiki da abarka ba wanda ya san da kai. CS6 ta kamfanin Adobe mai manhajojin zane da ta fito a 2012 ita ce ta ƙarshe da suka sayar haka, daga 2013 suka koma haya zalla, da sauran kamfanoni suka ga kuɗi na shigowa duk wata ba fashi sai kowa ya bi. Har BMW sai da suka gwada karɓar kuɗin wata-wata kafin kujerar motarka ta yi ɗumi, motar da ka riga ka saya fa, mutane suka yi ca a kansu suka janye a 2023.

Kafin ka yi zuciya ka soke, duba wane irin tsari ka shiga. Akwai na wata-wata na gaskiya, akwai kuma wanda yarjejeniyar shekara ce aka raba maka biyan gida 12, shi ne ya fi araha a ido kuma shi mutane ke latsawa ba su karanta ba. A kan irin wannan ne FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, ta kai ƙarar Adobe a watan Yunin 2024, tana zargin sun ɓoye wa mutane cewa wanda ya fita kafin shekara ta cika zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. Kuma farashi ba a hannunka yake ba. Microsoft 365 (su Word da Excel) na mutum ɗaya daga dala 69.99 ya koma 99.99 a shekara a Janairun 2025 bayan sun cusa AI ɗinsu mai suna Copilot a ciki. Mu kuma nan duka biyu ake mana, su ƙara a can, naira ta faɗi a nan, tun da aka saki naira a Yunin 2023 ai ka ga yadda lissafin ya koma.

Abin da nake yi a nawa shagon, duk aikin da na gama sai na ajiye kwafinsa a PDF da SVG, irin fayilolin da wasu manhajoji ma ke buɗewa, don ko an rufe ni ina da abin da zan buɗe a wani wuri. Ka sauke Inkscape da GIMP, manhajojin zane ne na kyauta, hannunka zai yi nauyi sati biyu na farko amma katin biki ba abin da zai gagare su. CorelDRAW kuma har yanzu suna da lasisin saye sau ɗaya, da tsada kam, sai dai ka san ka gama, kuma yawancin masu injin bugawa a garin nan da shi suka saba. Katin da kake biya da shi kar ya zama na asusun da kuɗin jama'a ke shiga.

Ɗan_Farm_Centre:

Oga ni bangaren laftof ɗin zan yi magana don abin da muke gani kenan kullum a kasuwa, ko da yake mu waya ce ta fi yawa. Kar ka tambaye su nawa ne duk wata, wannan ita ce tambayar da suke so, ka ce nawa ne jimilla in na gama, sannan ka fita ka zaga shago uku ka ji kuɗin hannu. Bari in ba ka misali da waya, a ce kuɗin hannu dubu 150, ka ba da 45, sannan dubu 24 sau shida, ka ga 144 kenan, a haɗa da 45 ya zama 189. Wato bashin dubu 105 ka ci ka biya ƙarin 39 cikin wata shida kacal, amma da yake 24 kawai aka faɗa maka sai ka ji kamar banza ka tsinta.

Sai kuma maganar kullewa. Yawancin wayoyin nan akwai abin da aka dasa a ciki, ka makara da biya allon ya rufe sai lambar da za ka kira kawai. Akwai wani mai adaidaita da ya zo wajena ya biya wata biyar saura ɗaya, ɗansa ya kwanta asibiti ya rasa na biya, aka rufe wayar da fasinjojinsa na haya ke kiransa da ita, ya ce in buɗe masa na ce wallahi ba zan iya ba. Kuma in an sace ko ta faɗa ruwa bashin na nan daram. Ka tambaya ko laftof ɗin ma da irin wannan, ka tambayi tarar makara, ka tambaya in ka biya da wuri za a rage maka ko a'a, a rubuce ba da baki ba. Ni dai in ta ni ce, ka zo ka ɗauki tokumbo mai kyau da kuɗin kafin alƙalamin nan ka ɗan cika.

Ummu_Tela:

Ni kam ban yarda a yi wa biya kaɗan-kaɗan kuɗin goro ba. Malam Ɗan Farm Centre ai dole ka ce tokumbo tunda ita kake sayarwa, lol. Ni sola ɗina da keken ɗinki duk da biya kaɗan-kaɗan na same su, da jira na yi in tara, da har yau ina tarawa, don duk abin da na ajiye sai wata hidima ta taso ta cinye, kuma kayan kullum tashi suke. Na san na biya fiye da kuɗin hannu amma ɗinkin sallah biyu da na yi da fitila ya mayar.

Inda na yarda da ku shi ne haɗa biyu. Shi wannan bawan Allah yana da dubu 30 da ke fita duk wata, in ya ƙara na laftof ga hayar shago ga data ga man janareta, wata ɗaya aka yi ba biki ya shiga uku. Nawa biyan ya ƙare bayan shekara kayan suka zama nawa, tasa manhajar ba ranar gamawa. Ka fara rabuwa da ɗaya tukunna ɗan uwa, ko ka shiga adashi ka roƙi uwar adashi ta ba ka ɗaukar farko ko ta biyu.

Ɗalibi_Mai_Neman_Sani:

Ƙarin bayani kaɗan tunda ba wanda ya taɓo. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na hannu, matuƙar an tsayar da kuɗi ɗaya da lokacin biya tun wajen ƙulla ciniki. Inda matsalar take shi ne ƙarin da ake ɗorawa in ka makara, wannan riba ce, wato kuɗin ruwa da aka haramta. Haka nan a duba waye mai kayan, in wani kamfani ne daban ya ba ka rancen kuɗi ya biya mai shago kai kuma ka mayar masa da ƙari, to ba ciniki ba ne, bashi ne da ruwa. Ka kai wa malami takardar ya karanta kafin ka sa hannu. Allah ne mafi sani.

Mai_Zanen_Kati:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Tsohon Maɗaba'a na duba yanzun nan, ashe na shekara ne na shiga ban sani ba, saura wata huɗu, don haka zan lallaɓa ya cika in kashe sabuntawar, na ma sa ƙararrawa a waya saura sati. Inkscape na kan sauka, data ce ke ja. Laftof ɗin kuma na kira yaron na ce ya turo mini jimilla da tarar makara a rubuce, ya ce bari ya tambayi manaja, tun la'asar shiru. Ɗan Farm Centre nawa batir ɗin laftof yake a wajenku, ko in fara canza shi in ga?