Wankin hotunan kwalliya: me ya sa fuska ke yin duhu a takarda?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Masana hoto, don Allah ina neman shawara. Hotunan kwalliyar amare nake so a wanke, shida manya masu inci 12x18 na bangon shago, sai talatin na albam. A waya suna fitowa tas, amma a takarda fuska kan yi duhu, jan baki ya dushe, zinaren gwaggwaro ya mutu. Laifin inji ne ko na takarda? Ina ya kamata in kai?

Baba Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zargi inji, a fara duba fayil ɗin. Wanki mai kyau yana son fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 300 a kowane inci, wato 8x10 na bukatar 2400x3000, 12x18 kuma 3600x5400. Na bango ko 200 ya wadatar, tunda daga nesa ake kallonsa. Amma hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba yakan ragu zuwa wajen fiksel 1600 a tsawo. Ki shimfiɗa wannan a inci 18, bai kai 90 a inci ba. Shi ya sa gashin ido ke cakuɗewa, zanen lalle ya zama kamar an shafe shi da yatsa. Ki karɓi asalin hoton daga mai ɗauka a filash, ko ya turo miki a matsayin Document.

Duhun kuwa daga allo yake. Waya haske take fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta. Mai gyaran hoton ya rage hasken allonsa zuwa kusan rabi, sannan ya ɗaga inuwar ƙarƙashin haɓa da gefen kunci kaɗan. Kada ya yi wa fatar fari, inuwar kawai. Ya ajiye fayil ɗin a JPEG, ya zaɓi tsarin launi na sRGB. In ya bar shi a tsarin launi na Adobe RGB kuma injin bai karanta shi ba, ja ne ke fara dushewa, ga dalilin jan bakinki nan.

Auwalu Lab:
Baba ya gama magana a kan fayil. Wajen wanki, Hajiya, ki guji masu buga kyallen talla (banner) da kalandar biki. Injinsu na kallon nesa ne, a kusa za ki ga ɗigo-ɗigo a kumatu. Nemi lab, wato wurin wankin hoto, mai injin Fuji Frontier ko Noritsu da ke wanki a takardar hoto ta ainihi. In firinta ce ta tawada, tambayi wace iri: ta pigment na jure haske, ta dye mai arha kuwa tana koɗewa da wuri in rana na dukan bangon.

Takarda, ni dai lustre, mai matsakaicin sheƙi, nake ba da shawara ga fuska. Mai sheƙi sosai tana fito da maiƙon goshi da hanci, tana kama shatin yatsu, kuma da damina takan manne wa gilashin firem. Mat, marar sheƙi, tana kashe walƙiyar sarƙa da duwatsun leshi. Akwai metallic, zinare na tashi a kanta ƙwarai, amma a hoton da aka matso da fuska takan sa fata ƙyalli kamar ƙarfe. Ki bar ta ga hoton tsaye da kaya suka fito.

Ki ce a kashe gyaran launi na atomatik. Injin in ya ga jan leshi ya cika hoto sai ya rage jan, fata ta tafi kore-kore. Sannan a wanke gwaji ɗaya 5x7, ki fita da shi bakin ƙofa ki duba a hasken rana kafin a taɓa sauran.

Zee Albam:
Anti, ki kula da yanka. Hoton kyamara 3:2 ne, wato tsawo uku faɗi biyu, ya dace da 4x6, 8x12 da 12x18. In kika ce 8x10, inci biyu za a cire, galibi saman gwaggwaro ko hannun lalle ke tafiya. Ki sa a nuna miki yankan a allo. A albam kuma kada fuska ta faɗa tsakiyar naɗi.

Abu mafi muhimmanci: waɗannan 'ya'yan mutane ne. Wadda za ki rataya a shago ki nemi izininta, in an ɗaura har da na maigidanta. Ki kai filash da kanki, ki tsaya a goge fayilolin daga kwamfutarsu, ki karɓi har waɗanda suka lalace wajen gwaji.

Maman Hanan:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Malam Auwalu, na bangon a yi musu lamineshan ko gilashi?

Auwalu Lab:
Gilashi, tare da kwalin da ake zagaye hoto da shi, domin ya bar tazara kada takarda ta taɓa gilashin. A liƙe bayan firem ɗin da tef saboda ƙurar hunturu.