Baker Street: ƙarƙashin ƙasa ne ko lambatu mai rufi?

Baban Ummi: Jama'a, raina ya ɓaci. Ƙanena ya zo Landan, da muka taso daga Juma'a a masallacin Regent's Park na kai shi tashar Baker Street. Muka sauka inda bakan bulon 1863 yake har yau, na ce masa ga ɗaya daga cikin tashoshin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa a duniya. Ya ɗaga kai ya dubi bulon, ya ce, "Yaya, wannan ai kamar rumbun gawayi." Fiye da shekara 160 ana hawa jirgi a wurin nan, yaro bai ga komai ba sai duhu. Me ya sami yaranmu?

Injiniya: Alhaji, wannan "ƙarƙashin ƙasa" ne ban yarda da shi ba. Titin Marylebone suka tone, suka shimfiɗa layin dogo, suka rufe da bulo, suka mayar da titi a kai. Lambatu ne mai rufi. Wanda aka huda ƙasa da gaske shi ne wani layin Landan na 1890, mai amfani da lantarki.

Maman Sadik: To Injiniya, wanda yake tsaye a wurin, titi na bisa kansa ko yana ƙarƙashin ƙafarsa?

Injiniya: Hajiya, ko ƙasan gada ma titi na bisa kanka.

Baban Ummi: Ƙasan gada kake kira layin da ya taso daga Paddington har Farringdon, kusan kilomita 6? Ran 10 ga Janairu 1863 aka buɗe shi, injin tururi ke jan taragon katako masu fitilar gas. Kafofin da ke jikin bangon nan don haske da fitar hayaƙi aka yi su. Da ba a ƙasa yake ba, me zai hana hayaƙi tashi?

Ɗan Zinder: Kullum sai Ingila! Ba wanda ya ambaci Tünel, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Istanbul, tun 1875, zamanin Sarkin Turkawa Abdul'aziz. Shi kam cikin tudu aka haƙa shi.

Injiniya: Bafaranshe ne ya zana shi, Eugène Gavand, kuma tsawonsa bai kai mita 600 ba.

Ɗan Zinder: Na san abin da kake nufi da "Bafaranshe". Don ni ɗan Nijar ne ka kawo shi.

Injiniya: Wallahi tarihi na faɗa.

Maman Sadik: Kai Injiniya, ka daina ce wa aikin mutane lambatu. Kai da ko kwalbati ba mu ga ka gina ba.

Injiniya: Hajiya, da ba kin girme ni ba, da na ba ki amsa.

Ɗan Zinder: Ba ta, mu ji. Ai haka ka yi a maganar jirgin Alƙahira.

Baban Ummi: Ni fa maganar ƙanena na kawo.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta duka. Alhaji ya kawo rana da wata da shekara, ba wanda ya ƙaryata shi. Injiniya ya kafe a kan kalma ɗaya, ya kuma ɗaga wa Hajiya murya. Ni da kaina na tsaya a wurin nan, na ji sanyin bulon da tafin hannuna, ƙarƙashin ƙasa ne. Injiniya, ka ba Hajiya haƙuri kafin Magariba. Na rufe zaure sai gobe.